Bishiya Mai Ubangida: Lacca Kan Inuwa da Ƙawata Agege

 

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa da 'yan majalisarka, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, samari da 'yan makaranta, da maƙwabtanmu Yarbawa da suka amsa gayyata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ce in yi magana a kan ƙawata gari da itatuwa da furanni. Na san akwai wanda ya ji taken ya ce a ransa, ana ta kai wa yake ta kaya. Mutum na neman kuɗin haya da na makaranta a zo masa da zancen fulawa. Ban ga laifinsa ba. Don haka zan ɗan jingine furen tukuna in fara da inuwa, domin a unguwar da mai shayi da ɗan dako da mai gyaran takalmi ke wuni a bakin titi, inuwa ce adon farko, sauran ƙari ne.

Dattawan da ke wurin nan sun fi ni sanin cewa bishiya ce ta kawo mu Agege. Kakanninmu fatake Gwanja suke zuwa sayen goro, watanni a hanya da jakuna, su ratsa Borgu su dire Salaga. Da aka shiga ƙarni na ashirin sai hanya ta sauya. Aka koma ɗauko goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Layin dogo ya tashi daga Iddo ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1912, Agege kuwa tana kan layin tun farko. A daidai wannan lokaci wasu 'yan bokon Ikko irin su Jacob Kehinde Coker suka buɗe manyan gonaki a Ifako da kewayen Agege, har suka kafa ƙungiyar manoma ta kansu a 1907. Koko suka fi shukawa da fari, daga baya goro ya bazu tun daga nan har Ota da Ifo da Shagamu. Goro ya samu, tasha ta samu, Bahaushe ya sauke kaya ya kafa Zango, ya shiga ɗaure huhu yana lodawa zuwa Arewa.

To yau mutum ya tashi daga Zango ya bi ta Isale Oja, ya miƙe Oniwaya ya ɓulla Dopemu, ya ƙirga mini bishiyar goro nawa ya gani. Gonakin sun zama filoti, filoti ya zama gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gidan ma an dafe ta da siminti. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege mutum kusan 460,000, gwamnatin jihar kuwa ta ce sun haura miliyan ɗaya, duk a ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 20 ba. Kowace daga cikin biyun ka ɗauka, cunkoso ne mai yawa. Ba na zargin wanda ya sare bishiya ya gina ɗaki don ya sa iyalinsa. Abin da nake so mu duba shi ne ladan da muke biya kullum ba tare da mun lura ba.

Zafin Ikko daban yake da na Sakkwato. Can rana ce mai ƙuna da iska busasshiya, ka shiga inuwa gumi ya bushe ka ji sanyi. Nan iskar cike take da raɓa, gumi ya tsatso ya ƙi bushewa. Kwalta da siminti da kwanon rufi su wuni suna shan rana, da dare su amayar da ita, shi ya sa a watan Fabrairu da Maris in aka ɗauke wuta mutane ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida har asuba. Bishiya aiki biyu take yi a nan. Tana tare rana kafin ta taɓa bango da ƙasa, sannan tana zuƙo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganye, wannan ya sanyaya iskar da ke kewaye da ita. Rumfar kwano na ba da inuwa, amma ita kanta zafi take ɗauka ta sauke a kanka. Kowane mai tireda ya san bambancin zama a ƙarƙashinta da zama a gindin mangwaro.

Sai ruwa. Abin da ke sauka a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma yakan zo ne kamar da bakin ƙwarya, musamman a Yuni da Yuli. Waɗanda suka ga ambaliyar ranar Lahadi 10 ga Yuli 2011 ba su manta ba. Duk inda aka rufe ƙasa da siminti, ruwan ba shi da wurin shiga sai kwata, kwatar kuma a toshe da ledar fiyawota. Ba zan yaudare ku in ce bishiya na maganin ambaliya ba. In ba a yashe kwata ba, ko daji aka shuka sai ruwa ya shiga ɗaki. Amma kowane taku na ƙasa da aka bari a buɗe a gindin bishiya, rijiya ce ƙarama da ke shanye rabonta.

Hukuma ta daɗe tana taɓa wannan aiki. Tun 1887 Gwamna Alfred Moloney ya buɗe lambun renon tsirrai a Ebute Metta. A namu zamanin, tsohon gwamna Babatunde Fashola ne ya ɗauke shi da gaske. A 2008 aka fara gangamin dashen itatuwa na jiha, aka ware 14 ga Yuli ta zama ranar dashe kowace shekara, a 2011 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar LASPARK mai kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, dokar da ta hana sare bishiya ba tare da izini ba. Wanda ya san Oshodi kafin 2009 ya san an yi aiki. Akwai lambun Muri Okunola a Victoria Island, akwai na Ndubuisi Kanu da na JJT a Alausa, kuma masu kyau ne, ku kai yara ranar hutu su gani. Sai dai in ka bi sawun wannan ado za ka tarar manyan tituna ya bi, da shataletale, da inda manya ke wucewa a mota. Rabon Agege a 'yan shekarun nan ƙarfe ne da kankare: gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a Maris 2021, sabuwar tashar jirgin Ibadan a shekarar, sai jirgin cikin gari na jan layi a 2024. Duk alheri ne, mun gode. Amma mai jiran mota a gindin gadar nan da azahar ya san abin da ba a haɗo da shi ba.

Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a ƙasar nan, daga Ikko har Arewa. Ranar dashe ta zo, a sa hula da riga mai tambari, babban baƙo ya durƙusa ya zuba ƙasa da shebur, a ɗauki hoto, a sanar cewa an dasa dubu kaza. Ban taɓa jin an koma bayan shekara biyu an sanar da nawa suka rayu ba. Akuya ta ci rabonta, rani ya ci nasa, mai gyaran kwata ya tumɓuke saura. Dashe jinjiri ne, haihuwarsa ba wuya, renon ne aiki. Shekara biyun farko yana buƙatar mai ba shi ruwa, mai kare shi, mai yin faɗa in aka taɓa shi. Bishiyar gwamnati ba ta da wannan mutumin, domin ma'aikacin da aka ɗora wa ita yana ofis a Alausa, ita kuma tana Orile Agege. Maganata duka a yau a nan ta tsaya: kada mu ƙara sa bishiya ko ɗaya a ƙasa sai mun san sunan ubangidanta.

Ba daga kaina na ƙago wannan ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da ke cikin taron nan shaidu ne. A shekarun 1970 da 1980 an kashe kuɗi masu yawa ana dasa itatuwa a Nijar, galibi suka mutu. Manomi bai damu da su ba, tunda a doka itacen na hukumar gandun daji ne, in ya sara a ci shi tara. Wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke gonaki da ransu, tohonsu ake sharewa kowace shekara lokacin sassabe. Aka fara zaɓar toho mai ƙarfi ana barinsa, ana rage sauran. Abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata bishiyar da ya rena tasa ce, ya yi makamashi, ya ciyar da dabba, ya sayar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo da kalgo da aduwa da sauransu, ba da injin ban ruwa ba.

In kuma ana son misali daga gari mai ruwa irin namu, ga Firitawun ta Saliyo. Bayan zaftarewar ƙasa ta Agusta 2017 da ta kashe mutum sama da 1,000, magajiyar garin Yvonne Aki-Sawyerr ta fara shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya a 2020. Abin da ya burge ni a shirin shi ne yadda ake biya. Kowane dashe na da lamba, mai kula da shi ɗan unguwar ne, yana ɗaukar hotonsa da waya lokaci zuwa lokaci, kuɗinsa na shigowa ne muddin dashen na raye. Da ƙananan hukumominmu za su karkatar da kuɗin rumfa da kujeru da riguna na ranar dashe zuwa irin wannan, da an ga bambanci.

To su waye iyayengidan a Agege? Suna nan zaune a gabana. Masallaci ne na farko, kuma ya fi kowa dacewa saboda dalilin da ba mu cika kulawa da shi ba, wato ruwan alwala. Sau biyar a rana ana zubar da ruwa mai tsabta, babu sabulu babu omo, ya gangara kwata. A ja ɗan bututu ko a haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin dashe biyu ko uku, an gama da matsalar rani baki ɗaya. Ladan ko mai sharar masallaci ya zama ubangida. Alhazanmu sun ga darbejiyar da aka jera a filin Arfa, kowace da bututunta. Can ma da ruwa ake renonta, ba da addu'a kaɗai ba. Malamai sun fi ni sanin hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim, mai nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa ladan sadaka. Ina roƙonku, Allah gafarta malam, a riƙa tuna wa jama'a shi a huɗubar farkon damina, ba sai an jira ranar gwamnati ba.

Na biyu makarantun Islamiyya da na allo da na boko. Aji ɗaya bishiya ɗaya, a rubuta sunan ajin a jikin kejin da ke kare ta, a duba ƙarshen zango a ga ta wa ta fi tsawo. Yaro ba ya karya abin da aka ce nasa ne, kuma ba ya barin na wani aji ya karya.

Na uku masu sana'ar bakin titi, mai shayi da mai tsire da mai faci da mai wankin mota da shugabannin tashar Keke. Waɗannan su ne za su ci moriyar inuwar da kansu, kuma kullum suna wurin. Bari in ɗan tsokani masu tsire da masu shayi, tunda abokan wasa ne. Gawayin da kuke hurawa kowace yamma itatuwa ne aka ƙona, da yawansu daga dazukan Oke Ogun, wajajen Iseyin da Saki. Wanda sana'arsa ke cin bishiya kullum, ai bai kamata a roƙe shi sau biyu ya rena ɗaya ba.

Gwaninta kuwa muna da ita, sai dai a gidan wasu muke kashe ta. Je ka Ikoyi ko GRA ta Ikeja ka ga wanda ke riƙe da tiyo da almakashi yana gyara furannin maigida; sau da yawa ɗan Arewa ne, gadi da lambu duk shi ne. Je ka wajajen Ojo ka ga masu lambun latas da albasa mai lawashi. Waɗannan mutane sun san ƙasar Ikko da hannunsu, sun san lokacin dashe da na sassaka. A nemo su a ba su jagorancin aikin a unguwarsu.

Yanzu me za a dasa, kuma a ina? Nan ne ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Agege tudu ce mai jar ƙasa, ruwa ba ya kwanciya a cikinta kamar a Ajegunle ko Lekki, don haka itatuwa da yawa za su yi. Amma kada kewar gida ta sa mutum ya ɗauko dabino ya ce zai ci 'ya'yansa a nan. Dabino na son busasshen zafi kafin ya nuna, a raɓar Ikko sai dai ganye. Gawo da aduwa ma a bar su can inda Allah ya ajiye su. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take kuma aka shigo da ita Borno wajen 1928, tana yi a nan sosai, kuma akuya ba ta cika damuwa da ita ba, amma ta sami fili. Ita da mangwaro da maɗaci da malaina manya ne, a nisanta su da bango da masai da rijiya aƙalla mita 4 ko 5. Wurinsu harabar makaranta, filin Idi, maƙabarta, gefen filin ƙwallo, bakin kasuwar dabbobi. Cediya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na bin danshi har ta fasa kwata da tushen gini. A lungu mai matsi kada a kusance su. Kada kuma a sa babbar bishiya ƙarƙashin wayar wuta, domin ranar da ta kai, masu gyaran wuta za su yi mata askin da ba za ta sake kyau ba.

Akwai doguwar siririyar nan mai ganye a sunkuye da ake jerawa a bakin katangar masu kuɗi. Tana da kyan gani, ba ta cin wuri, amma inuwarta ba ta ishi kaza ba. In wurin katanga ne kawai, to, a sa ta. In mutum zai zauna a gindi, a nemi wata.

A cikin gida kuwa, inda iyayenmu mata ke da iko, ƙananan su ne daidai: zogale, gwanda, gwaiba, lemun tsami, shuwaka, lalle, ɗoɗɗoya. Duk suna yi a rabin duro ko tsohon bokitin fenti ko buhun siminti da aka cika da ƙasa, in aka huda gindin don ruwa ya fita. Wannan ya warware babbar matsalar ɗan haya, wanda zai ce don me zan shuka a gidan wani gobe a ba ni notis. Abin da ke cikin duro, ranar tashi a ɗora shi a kura tare da katifa. Kuma a nan ne furen da na jingine ɗazu yake shigowa. Bango mai zafi da ke kallon yamma, a sa masa mai yaɗo ya haye shi. Ɗakin zai yi sanyi, ƙofar gidan ta yi kyau, kuma na lura inda aka jera tukwanen shuka mutane na jin nauyin zubar da shara a wurin.

Ramin dashe ya kai ƙafa biyu na faɗi da zurfi, wajen santimita 60, a cakuɗa ƙasar sama da taki. Taki kuwa ga shi nan a mayankar Oko Oba, kashin shanu da abin cikin tumbi da ake rasa yadda za a yi da shi. Sai dai a bar shi ya ruɓe wata biyu ko uku kafin a zuba, ɗanye ƙona saiwa yake yi. A yaga ledar dashen a cire ta, kada a binne da ita. In wurin daɓen siminti ne ko intalok, a fasa a bar aƙalla mita ɗaya a buɗe. Sannan keji, tun ranar farko, na gora ko waya ko tsofaffin tayoyi da aka ɗora kan juna. Mu da muka san yadda titunanmu ke cika da raguna mako biyu kafin Babbar Sallah ba ma buƙatar a yi mana bayanin amfanin keji.

Nakan ji ana cewa bishiya na kawo sauro. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, kwata da gwangwani da tsohuwar taya, har da tayar kejin nan in ba a huda ta ba. Ana cewa tana tara zauna-gari-banza. Tana tara su in ba ta da mai ita. Wadda mai shayi ke gindinta ko dattawan unguwa ke shimfiɗa buzu bayan la'asar, babu yaron da zai zo ya kunna wani abu a wurin. Tsoron da na yarda da shi shi ne na iska, domin hadarin farkon damina a Ikko yakan karya rassa ya kayar da manyan itatuwa. Maganinsa sassaka kowace shekara kafin ruwa ya sauka, da kiran LASPARK in bishiya ta tsufa ta ruɓe a ciki, maimakon mutum ya ɗauko gatari ya ja wa kansa tara. Batun aljanun tsamiya kuwa na bar wa malamai.

Ranka ya daɗe, akwai abin da sai fada za ta iya. Gefen titi na ƙaramar hukuma ne ko na jiha, gefen layin dogo na hukumar jiragen ƙasa ne, ƙofar gida kuma ta mai gida ce, wanda sau da yawa Bayarabe ne. Talaka shi kaɗai in ya fasa daɓe ya dasa, gobe a ce ya yi laifi ko yana neman mallake wuri. In fada ta zauna da Olu na Agege da baale-baale da ƙungiyoyin masu gidaje da shugabannin ƙananan hukumomin Agege da Orile Agege, aka amince da wurare a rubuce, sannan aka nemi dashe daga LASPARK, an rufe wannan ƙofa. Kuma ina ba da shawara a fara da kaɗan, layi ɗaya ko biyu, masallatai da makarantun da ke kansu, a rubuta kowace bishiya da sunan mai ita a littafi guda da zai zauna a fada. Lokacin sa su a ƙasa shi ne Afrilu zuwa Mayu, da ruwa ya zauna, domin su kama kafin mamakon Yuni. Wanda ya makara ya jira ruwan Satumba, amma ya san tun Disamba zai fara ɗaukar jarka. Ramuka da taki da keji kuwa aikin Fabrairu da Maris ne, don haka masu walda da masu gora su fara ba mu farashi tun yanzu.